Koriyar Tawada a Gefen Shafi

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara talatin da huɗu ya yi a gidan waya yana rarraba wasiƙu, kuma a gaban teburin da ya fara aiki nan ya yi ritaya. Ba a taɓa ƙara masa girma ba, shi ma bai taɓa nema ba. Aikinsa shi ne ya tsaya gaban wani ƙaton katako mai ramuka-ramuka, ya ɗauki ambulan, ya kalli adireshi, ya jefa ta a raminta. Inda ya fi kowa shi ne karanta mugun rubutu. Wasiƙar da ruwa ya jiƙa, ko wadda mai ita ya yi rubutu kamar kaza ta yi tono, duk gabansa ake turo su. Yakan kalli ambulan ya ce wannan tsoho ne, hannunsa na rawa, wannan kuwa a kan gwiwa aka rubuta ta cikin sauri. A gidansa na tashi tun ina 'yar shekara shida, bayan rasuwar mahaifiyata, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. Da hannuna dumu-dumu a ciki, gara in faɗa tun yanzu.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na Kawu tsofaffin littattafai ne. A wani lungu bayan kasuwa akwai masu sayen takarda a kan sikeli, su sayar wa masu kanti na ƙunshe kaya. Duk Asabar Kawu zai hau kekensa ya tafi can, ya tsuguna a gaban tulin jaridu da rasitai yana tono. Matarsa, wadda muke kira Inna, in ta hango shi da ɗauri a bayan keke sai ta ce, "Mazan mutane su dawo da cefane, nawa ya dawo wa gara da abinci." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya wuce ɗakinsa.

A wannan lungun ya yi tsintar dami a kala. Wani littafin kiwon lafiya ne marar bango, amma gefen kowane shafi, sama da ƙasa da dama, cike yake da rubutun hannu ƙanana da koriyar tawada. Bayan wata biyu ya sami wani a hannun wani mai sikelin daban, littafin lissafi, da irin wannan tawadar. Kallo ɗaya ya yi masa ya ce hannu ɗaya ne, don mutumin yana da wata lanƙwasa da yake yi wa jelar haruffa wadda Kawu bai taɓa gani a kan ambulan ba. Daga ranar ya daina sayen kowane irin littafi sai mai wannan rubutun. Ya sa wa mutumin suna Mai Kore, don ko sau ɗaya bai rubuta sunansa a ko'ina ba. Shekara ashirin da tara Kawu yana farautarsa, har ya tara littafi saba'in da ɗaya.

Su littattafan kansu ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙamus, tarihi, jagoran gyaran agogo, irin waɗanda aka buga dubbai. Darajarsu tana gefe. Mai Kore mutum ne mai gardama, marubuci zai faɗi magana, shi kuma ya rubuta a gefenta, "Ƙarya ne, na gwada." Kuma da alama takarda ta yi masa wuya, don a nan yake rubuta rayuwarsa da kwanan wata. Ranar da ruwa ya ci gadar gari. Shekarar da aka yi annoba: "Yau mutum tara aka kawo, biyu suka tashi." Ranar da aka haifa masa 'ya, ranar da ta yi haƙori, da ranar da ya rubuta kalma biyu kawai a ƙasan wani shafin lissafi, "An binne." Daga waɗannan rubuce-rubucen Kawu ya gane mai haɗa magani ne a wani ƙaramin asibiti, kuma ya rasu tun kafin a haifi Kawun.

Jerin da ya yi musu a kanta shi ne abin da babu mai iya yi sai shi. Bai jera su bisa girma ko bisa fanni ba, bisa tsufan hannun ya jera su. Daga hagu rubutun saurayi ne, a miƙe, mai ƙarfi. Kana tafiya dama yana ƙanƙancewa, yana karkacewa, har ka zo na ƙarshe inda alƙalamin ke rawa. A wuri uku ya sa guntun katako a tsakani, ya ce nan akwai shekarun da bai samo ba tukuna.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, me zai hana ka kwafe su a littafi ɗaya ka huta?"

Ya ce, "'Yar nan, in na kwafa, hannuna za a gani, ba nasa ba. Ranar da ya rubuta an binne, sai da bakin alƙalamin ya huda takarda. Wannan ta yaya zan kwafe shi?"

Na ce to, na koma kan kekena, don ni ɗinki na koya kuma da shi nake ci. Waya mai ɗaukar hoto ta fi shekara goma a hannuna. Hoton samfurin riga ya fi dubu a cikinta. Shafi ɗaya na Mai Kore ban taɓa ɗauka ba.

Abin da Kawu yake so bai wuce ɗaya ba: wani masani ya zo ya ga wannan rubutun, a adana shi, kada mutumin ya mutu sau biyu. Ya yi ta rubuta wa jami'a wasiƙa. Mutumin da ya kai wa duk gari amsar wasiƙunsu, tasa shekara goma sha ɗaya ba amsa. Inna har ta rasu tana yi masa tsiya, wai ko ya manta bai manna kan sarki ba. Sai ga shi wata rana amsa ta zo. Wata malama ce mai binciken tsofaffin littattafai da alamomin da masu karatu ke bari a cikinsu. Ta ce za ta zo da na'urar ɗaukar hoto nan da wata ɗaya. Ranar na ga Kawu ya karanta takarda ɗaya sau bakwai, yana manna ta a hanci, don a lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani.

A nan Yaya ya shigo. Yaya shi ne babban ɗan Kawu, manaja ne a wani kamfani, mutum mai son a ga komai nasa fes. Ba mugu ba ne, kuma wannan ne ma ya fi ba ni haushi, don da mugu ne da na sami inda zan sauke laifin. Shi ya nemi likitan da zai cire wa Kawu yanar ido. Kawu da ya daɗe yana ƙi, wannan karon ya yarda, ya ce yana so ya nuna wa baƙuwa komai da idonsa. Likita ya ce bayan aiki kada ya kusanci ƙura har mako biyu, saboda haka aka shirya zai zauna gidan Yaya. Da zai fita ya miƙo mini makullin ɗakinsa.

"Ki share ƙasa kawai," in ji shi. "Kanta kada ki taɓa."

Washegarin aikin Yaya ya zo ya tsaya a bakin ɗakin yana toshe hanci. Gaskiya ɗakin ba kyan gani. Littattafan rabinsu ba bango, wasu da igiya aka ɗaure su, bakinsu duk ya yi kaca-kaca.

Ya ce, "Ƙanwata, a wannan bolar za mu sauke baƙuwa daga jami'a? Ai sai ta ce tsohon ba shi da 'ya'ya."

Na ce, "Ya ce kada a taɓa."

"Haka ya ce kada a taɓa idonsa. Yanzu fa? Mu kai su a yi musu bango mai kyau, a shafe ɗakin da fenti, ya buɗe sabon ido ya ga sabon ɗaki. Wace kyauta ta fi wannan?"

Ban yi gardama ba. In faɗi gaskiya, daɗi ma na ji. Shekara da shekaru bakin littattafan nan yana damuna, yadda lafin riga da ya zare yake damun kowane tela. Ni na zuba su a kwali da hannuna, ni na cire guntayen katakon nan uku na jefar a bayan ƙofa.

Mai ɗaurin littafin da muka kai wa aikin dattijo ne mai tsafta, shagonsa na warin gam da sabon kwali. A tsakiya akwai injin yanka takarda, mai doguwar wuƙa da hannun ƙarfe. Ya juya littattafan ya ce, "Yallaɓai, girmansu ba ɗaya ba ne. In ana so su yi kyau a jere, sai in kasa su gida uku, kowane gida tsawo ɗaya."

Yaya ya ce, "Haka nake so."

Ni na zaɓi launin bangon, shuɗi mai duhu da layin ruwan zinari. Kuma ni na ƙara da maganar da har gobe nake jin ta a kunnena. Na ce, "Malam, a daidaita musu baki sosai." A raina zare-zaren bakin za a tsinke, kamar yadda nake bin lafi da almakashi. Ni da na fi kowa sanin cewa abin da almakashi ya ci ba ya dawowa, ban tsaya na tambayi zurfin da wuƙarsa ke shiga ba.

Ranar da aka dawo da Kawu gida, muka sa shi gaba har ƙofar ɗakin. Fenti fari, sabuwar kanta, littattafai saba'in da ɗaya sun jeru shuɗi kamar 'yan makaranta a layi. Yaya yana ta murmushi yana jiran godiya. Kawu ya tsaya. Ya gyara sabon tabarau. Ya miƙa hannu hagu, inda ya saba samun littafin farko, ya zaro wani daban. Ya buɗe.

Shafin fes yake. Wuƙar ta shiga har dab da bugun, ta ɗauke sama da ƙasa da gefe. Abin da ya rage a bakin takardar ɗan ɗigo-ɗigon kore ne, rabin harafi nan, jelar harafi can, kamar ƙafafun tururuwa. Ya buɗe gaba, haka. Ya ajiye, ya ɗauki wani, ya ɗauki wani. Da ya zo kan littafin lissafin sai ya nemi shafin nan, ya shafa ƙasansa da yatsa yana neman hudar. Babu ita. Wannan shi ne abu na farko da Kawu ya karanta da sabon idonsa. Garin neman gira muka rasa masa ido, kuma da ma mun bar shi da yanarsa da bai ga abin da kyau haka ba.

Bai yi ihu ba. Da ya zage mu da na samu sauƙi. Ya juyo ya dube ni, ba Yaya ba, ya ce, "'Yar nan, kafin ki kai su, kin buɗe ko guda ɗaya?"

Na girgiza kai.

Ya ce, "To kai ni wurin mutumin."

Mai ɗaurin ya tarbe mu da fara'a, yana tsammanin yabo muka kawo. Ya ce, "Baba, ai aikin ya sha wuya. Gefen duk wani ya ɓata shi da rubuce-rubuce, sai da na shiga ciki sosai kafin su yi tsaf." Kawu ya tambaye shi ina abin da ya yanke. Ya ce yakan tara wa mai sayar da tangaran na ƙarshen layi, yana shimfiɗa shi a kwali don kada kofuna su fashe. Muka tafi can, tsoho da ido ɗanye cikin rana. Buhu biyu muka tarar, a cakuɗe da yankan takardun jarrabawa da na katin biki. Sauran sun bi kofuna da farantai zuwa gidajen mutane. Kawu ya tsuguna ya zura hannu ya zaro wani siririn yanki, faɗinsa bai kai yatsa biyu ba, da koren rubutu a kai. Ya ce a ɗauko buhunan.

Bayan kwana uku malamar ta zo da jakar na'urarta. Kawu ya sa babbar rigarsa ya tarbe ta kamar ba abin da ya faru. Ta buɗe littafi biyar, ta rufe, ta daɗe tana kallon buhunan. Mace ce mai kirki, don ta lallashe shi sai ta koma kan abin da ta sani. Ta ce, "Baba, a aikinmu mun sha ganin wannan. Masu tara littattafai na da can ma bango mai kyau suke so, su kai a yanke gefe, wasu har a wanke rubutun masu karatu don shafi ya yi fari. Sai daga baya aka gane abin da aka zubar ya fi abin da aka ajiye. Wuƙar mai ɗauri ta ci abin da gara ba ta ci ba."

Yaya ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ka ji ko, Baba? Ashe ba a kanmu aka fara ba."

Wallahi ranar na so in kwaɗa masa farantin da ke hannuna. Amma da wane baki zan yi magana?

Malamar ta ce in aka iya gano kowane yanki da shafinsa, a ajiye su gefe da gefe, za ta iya ɗaukar hoton abin da ya samu. Ina jin ta faɗa ne don ta sanyaya masa rai. Ba ta san da wa take magana ba. Washegari Kawu ya tara kwalayen sabulu, ya yayyanka su, ya haɗa ramuka saba'in da ɗaya a jikin farin bangon da Yaya ya sa aka yi wa fenti, irin na gidan waya. Ya koma bakin aikinsa. Ya ɗauki yanki, ya kalli tsufan hannun, ya jefa a raminsa. Daga nan ya bi shafi-shafi yana gwada rabin harafin da ke jikin yankin da rabin da ya rage a littafin. In sun haɗu, ya sa yankin a ambulan, ya rubuta lambar littafi da ta shafi a baya kamar adireshi. Wani lokaci mako guda ya haɗa biyu. Waɗanda ya rasa gidansu yana da kwali daban, ya ce a wurin aiki ma suna da akwatin wasiƙun da ba a san mai su ba.

Shekara huɗu ya yi a haka. Bai sake tayar mini da maganar ba, kuma bai canja mini fuska ba. Abu ɗaya kawai ya canja. Tun da na koyi ɗinki ni ke gyara masa kaya, amma daga ranar bai sake miƙo mini ko maɓalli ba. Wata rana na ga wuyan rigarsa ya zare, na ɗauko almakashi na ce, "Kawu, bari in daidaita maka." Ya dafe wurin da hannu ya ce, "Bar shi haka." A hankali ya faɗa. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da muka dawo daga shagon.

Ya rasu da safe, ranar wata Asabar, da ambulan ɗari huɗu da goma sha biyu a cikin kwali. Yankin da aka rubuta an binne ba ya cikinsu. Na zazzage buhunan biyu da kaina bayan rasuwarsa, ban gan shi ba. Yana can ƙarƙashin kofin wani, ko ya daɗe da shiga wuta.

Da aka zo rabon kaya, Yaya ya ɗauki littattafan, ya ce tarihin mahaifinsa ne. Ya sa aka yi musu kabad ta gilashi a falonsa, da fitila a ciki. Kwalin ambulan da buhunan ba wanda ya nema, suna ɗakin ɗinkina. Duk baƙon da ya je gidan Yaya sai an nuna masa kabad ɗin. Da kunnena na ji wani yana cewa, "Kai, tsohon nan ya iya adana littafi." Yaya ya ce, "Ai mun taimaka masa."

Watan jiya malamar ta kira ni. Ta ce in littattafan da ambulan ɗin za su haɗu a tebur ɗaya na kwana uku, za ta zo ta ɗauki hoton ɗari huɗun nan, ko ba komai a san an yi wani Mai Kore a duniya. Ta ce sai dai ɗaurin ya matse, dole a buɗe kowane littafi ya kwanta sosai, kuma ƙila bayan wasu ya tsage. Na ɗauki kwalin na tafi gidan Yaya, na yi masa bayani, na roƙi makullin kabad.

Ya kalli kwalin, ya kalli littattafan suna ƙyalli a bayan gilashi. Ya ce, "Haba ƙanwata. Kayan Baba ne fa. Kada a taɓa su, za ku ɓata su."